Mai Saiti da Rassan Kawu

A ofis ba a kiranta da komai sai Mai Saiti. Duk kwamfutar da aka sayo ita ke fara buɗe kwalinta, ta ɗora mata abin da ya kamata, ta saita ta, sannan ta miƙa wa mai ita tare da gargaɗin kada ya ci abinci a kanta. Ba wanda ya taɓa jin gargaɗin. Shi ya sa a cikin jakarta, inda wasu matan ke ajiye hoda da madubi, ita sukundireba take ajiyewa, da ɗan buroshin kakkaɓe ɓurɓushin biskit.

Doguwar mace ce mai 'ya'ya uku da ciwon baya. Ba ta son taro. In Manaja ya tara mutane ya hau zana akwatuna da kibiyoyi a allo, takan zauna kusa da ƙofa tana warware wata waya da ta cukurkuɗe, in an nemi ra'ayinta ta ce a yi tukuna a gani. Ta ga abubuwa da yawa da aka zana a allon nan, kuma ta san kaɗan ne suka taɓa saukowa ƙasa.

Kamfanin ƙarami ne, ɗaki biyu da baranda a saman wani shagon tayoyi, inda warin roba ke hawowa da zarar rana ta take. Abu ɗaya suke yi, manhajar da ke tsara wa makarantu jadawalin darasi: wane malami zai shiga wane aji, a wane lokaci, ba tare da an raba mutum ɗaya gida biyu ba. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka wasan yara ne.

Wanda ya fara rubuta manhajar kawunta ne, yayan mahaifiyarta, tsohon malamin lissafi da ya gaji da yin jadawali da fensir duk farkon zango. A gidansa ta tashi, kuma a wurinsa ta koyi aikin, in har za a kira abin koyarwa. Kawu ba ya bayani. Zai rubuta abu, ya tashi ya ba ta kujera, ta ɓata, ya dawo ya gyara yana tsaki, ya sake tashi. Da haka ta iya, da haka kuma ta kwaso halinsa na ƙin dogon zance. Bayan makaranta ta yi buga takardu a wani shagon hoto, ta ja wayoyi a cikin silin ɗin ofisoshin mutane har gizo-gizo ya san ta, ta auri wani mai gyaran janareto wanda Allah ya ba shi surutun mutum biyu. Da aikin Kawu ya zama kamfani, ita aka fara ɗauka.

Gwiwa ce ta raba Kawu da ofis. Da hawan bene ya gagara, sai ya miƙa wa wani tsohon ɗalibinsa ragamar, wato Manaja, wanda har yau in Kawu ya kira shi a waya sai ya miƙe tsaye kafin ya amsa. Kawu ya koma gida. An ce ya huta, shi ma ya ce to.

Masu wannan sana'a suna adana aikinsu ne da wata manhaja da ake kira git. Ita ke riƙe tarihin duk layin da aka rubuta ko aka goge, da sunan wanda ya yi. In za a fara sabon aiki ba a taɓa gangar jikin. Sai a fitar da reshe, a raɗa masa suna, a yi ta ɓarna a can, in ya yi kyau a haɗe shi da sauran. Rassan suna zaune a ma'ajiya, inda kowa ke zuwa ya ɗauka. Ofis na da ma'ajiyarsa. Kawu ma yana da tasa, wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburinsa, wadda matarsa ke shanya safa a kanta saboda ɗuminta. Da yake daga can aikin ya fito tun asali, duk kwamfutocin ofis sun san hanyar ma'ajiyoyin biyu.

To, ga yadda Kawu ya fahimci hutu. Kullum da safe zai leƙa ma'ajiyar ofis. In ya ga sabon reshe, daga sunan kawai zai gane aikin da ake shirin yi. Sai ya fitar da nasa reshen a tasa ma'ajiyar, ya raɗa masa wannan sunan dai, harafi da harafi, ya yi aikin yadda shi ya ga dama. Ba zai kira kowa ba. Ba zai aiko da saƙo ba. Sai wani a ofis ya zo ɗaukar reshen, ya rubuta sunansa, git ta ja ta tsaya. Ta ce masu wannan sunan biyu ne, ɗaya a nan, ɗaya a can, kuma ita ba ta yin caca, a faɗa mata wanne. Dole mutum ya sake rubutawa, ya haɗa da sunan ma'ajiyar. A ƙasan ƙorafin kuma takan ba da shawara cewa in an gaji da tambayar, akwai layi ɗaya da za a sa a saiti, a nuna mata ma'ajiyar da za ta riƙa ɗauka kullum ba tare da ta tambaya ba.

'Yan ofis suka sa wa abin suna tagwaye. Wanda ya fi kowa jin haushinsu shi ne Gaggawa, wani mai sanƙo, uban 'ya'ya huɗu, gwanin aiki na gaske, wanda ke motsa shayi da biro don ba shi da lokacin neman cokali. In git ta tsaya masa sai ya dafe sanƙon ya sanar da ɗaki cewa tsohon nan ya sake haihuwa.

Gaskiya kuma a faɗe ta: yawancin rassan Kawu ba sa amfanuwa. Yana rubutu irin na da, bai yarda akwai mai duba jadawali a waya ba, kuma yana da wasu ra'ayoyi game da makaranta da yake cusa su a cikin lissafi ba tare da an roƙe shi ba. Amma jefi-jefi akan tsinci wata dabara a ciki mai kyau kamar an wanke ta. Mai Saiti ce ke tsintowa. Duk lokacin da aka yi tagwaye, takan ja kujera da rana tana cin abin da ta zo da shi, nesa da madannan kwamfuta, ta karanta na Kawu daga farko har ƙarshe. Abin da zai ɗauku ta ɗauka da sunansa a kai, sauran ta bar masa kayansa.

Ta taɓa ce masa ya riƙa ƙara ko da harafi ɗaya ne a gaban sunayen, kowa ya huta. Kawu ya ce kunnensa ba ya ji sosai kwanan nan. Kunnen da ke jin an buɗe kwalbar zuma daga ɗaki na uku. Ba ta sake tayar da maganar ba, don ta gane. In sunayen suka bambanta, ba abin da zai tsayar da kowa, kuma ba wanda zai san ya yi aiki. Tsayawar nan da git ke yi ita ce sallamar Kawu a bakin ƙofa.

Haka aka yi ta tafiya har ranar da Gaggawa ya yi abin da ya ba shi suna. Wata babbar makaranta na jiran jadawalin sabon zango, git ta tsaya masa, ya buga cikakken sunan da sauri, ya ɗauki na Kawu a maimakon na ofis, ya tura. Shi kuwa Kawu ya daɗe da yin imani cewa shugaban makarantar da ba ya shiga aji ba shugaba ba ne. Jadawali ya fito tsaf, ba karo ko ɗaya, sai dai ya ba shugaban makarantar darasin farko na kowace safiya a ajin ƙananan yara. Mutumin da rabonsa da alli tun kafin a haifi yaran. An manna jadawalin a kowane aji kafin ya gani. Malamai kuwa, an ce, ba wanda ya yi saurin faɗa masa.

Manaja ya sha faɗa a waya har kunnensa ya yi zafi. Washegari ya tara mutane, kuma a wannan karon bai zana komai ba. Ya ce ba za a ci gaba a haka ba. Gaggawa ya ce a cire ma'ajiyar Kawu daga kwamfutocin gaba ɗaya. Manaja ya zabura kamar an ce ya mari mahaifinsa.

"Cirewa? Allah ya kiyaye. Malamina ne fa. Ba kora za mu yi ba, saiti ne kawai. Mai Saiti, layin nan da git take ta ba mu shawara, ki sa mana shi."

Ta ɗago daga wayar da take warwarewa ta tambayi wanda zai faɗa wa Kawu. Manaja ya ce ai ba sai an faɗa masa ba, ba abin da zai canza a wajensa, ma'ajiyarsa na nan, yana iya rubuta abin da ya so. Ta dube shi har sai da ya gyara wuyan rigarsa. Ta san ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ta kuma san yana da gaskiya game da ofis, don gobe ba shugaban makaranta kaɗai abin zai shafa ba. Amma a bar tsoho yana ta sallama a ƙofar da aka toshe ta ciki, wannan ba za ta iya ba.

"Zan sa," ta ce. "Zan kuma faɗa masa."

Aikin bai kai a ɗora ruwan shayi ya tafasa ba. Akwai fayil ɗaya na saiti da take rarraba wa duk kwamfutocin ofis. Ta ƙara layin, ta tura wa kowa. Tata kwamfutar ce kawai ta tsallake. Ba ta faɗa wa kowa ba, don a ganinta wanda ya yi abu sannan ya tsaya shela, rabin abin don shelar ya yi.

Ranar hutu da yamma ta je gidan Kawu. Ta same shi a ɗakinsa ya miƙe ƙafar mai ciwo a kan kujera, yana ɓare lemo da 'yar wuƙa, ɓawon na sauka dogo bai tsinke ba. Ta gaishe shi, ta zauna a bakin gado, ta faɗa masa komai ba kwana-kwana: shugaban makaranta, taro, layin. Kawu bai daina ɓare lemon ba. Da ta gama ya tambaye ta a ina ta sa layin, a fayil ɗin kowa da kowa ko ɗaya bayan ɗaya. Ta ce na kowa da kowa.

"Daidai ne," ya ce. "Ni ma haka zan yi. Ya jikin ƙaramin naki, tarin ya tafi?"

Maganar tata kwamfutar ta zo mata har bakin leɓe. Amma da ta juya ta a ranta sai ta ji ta yi kama da sadaka, irin wadda ake ba mutum ana shafa kafaɗarsa, kuma ta san Kawu zai gwammace a kore shi da tsintsiya. Ta haɗiye. Ya ba ta rabin lemon, suka yi hirar tari, ta tafi.

Daga nan tagwaye suka ɗauke. A sauran kwamfutocin dama ba za a gan su ba, amma ita tata da ke nan a buɗe, ita ma shiru. A fitar da reshe, ta bari ya kwana, ta rubuta sunansa, git ta miƙo mata shi salin-alin. Ta leƙa ma'ajiyar Kawu da kanta, ba sabon abu. Gaggawa ya ce ofis ya yi daɗi kamar an cire masa tsakuwa a takalmi. Ita kuwa da rana takan ci abincinta tana kallon masu sauke tayoyi ta baranda, abin da ba ta taɓa samun lokacin yi ba, kuma ta gano ba wani abin kallo a sauke taya.

Matar Kawu ce ta kira ta. Ta ce har yanzu yana kunna kwamfutar da safe, ya karanta abin da ofis ya yi, ya kashe. Daga nan sai ya biyo ta kicin. Ya jera mata cokula daga dogo zuwa gajere. Ya zana mata jadawalin wanki da shara ya manna a jikin firij, har da lokacin hutun rabin sa'a. Duk wannan za ta iya jurewa, in ji ta, shekara nawa tana jure shi. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne jiya ta kai masa shayi, ya karɓa ya ce ya gode.

"Ya gode fa, 'yar nan. Tun da na aure shi bai taɓa samun shayina daidai ba. Ko ki zo ki ɗauke shi, ko ki samar masa abin yi."

A gida mijinta ya ce abin ai mai sauƙi ne. Ta je ta ce masa, Kawu, ina kewar aikinka, kwamfutata na nan tana jiranka. Har ya nuna mata yadda za ta dafa ƙirji in tana faɗa. Ta ce in ta yi wa Kawu wannan maganar, abin da zai fara tambaya shi ne me likita ya faɗa mata game da shi. Mijin ya ce danginsu duka haka suke, a gidansu in ana son mutum sai a gyara masa famfo. Ta ce ai shi ma da famfon aka same shi.

Sai ga wani aiki ya shigo. Wata makaranta ce mai haraba biyu, titin jirgin ƙasa ya ratsa tsakaninsu, kuma malamai ɗaya ne ke koyarwa a duka biyun. Suna son jadawalin da ba zai ce wa mutum ya gama darasi a wannan tsallaken ya fara wani a wancan a minti guda ba. Manhajar ba ta san tafiya ba, a wajenta duk azuzuwan duniya a jere suke. Manaja na shirin miƙa wa Gaggawa, Mai Saiti ta ce a ba ta. Kowa ya juyo, don ba a saba jin muryarta a taro ba in ba wani ya taka waya ba.

Ta fitar da reshe a ma'ajiyar ofis ta sa masa suna tazarar-tafiya. Ta yi aikin tsakaninta da Allah, ba ta rage komai da gangan ba. Ta kai rabi ta cije. Jadawalin na fitowa daidai da safe, amma bayan hutun rana sai ya hargitse, malamai su taru a tsallake ɗaya, ɗaya tsallaken ya zama ba kowa. Ta juya shi ta kowace fuska, ya ƙi.

Ita ta saita tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin Kawu, don haka tana da mabuɗin shiga. Ba ta taɓa amfani da shi ba sai ranar. Kafin ta tashi daga aiki ta ɗauki rabin aikin nan, da hargitsinsa da komai, ta tura shi cikin ma'ajiyar Kawu da wannan sunan dai, harafi da harafi. Ba ta haɗa da saƙo ba. Kwamfutar Kawu ba wanda ya sa mata layin. Gobe da safe zai sake ganin sunan a ma'ajiyar ofis, zai rubuta shi don ya karanta, git kuma za ta ja ta tsaya masa.

Ko zai duba, ko zai kashe ya koma kicin, wannan ba ta sani ba.

Safiya ta wuce ba labari. Ta duba wayarta ta ga ko caji ne ya ƙare, bai ƙare ba. Ta goge madannan da ba su yi datti ba. Wajen tsakar rana intanet ɗin Gaggawa ya ɗauke, ya hau kiran sunanta kamar gobara ta tashi, ta shiga ƙarƙashin teburinsa da sukundireba a baki. Tana can wayarta ta yi ƙara. Ta cire sukundireban ta amsa.

"Wa ya shigar min ma'ajiya da takalmi?"

"Ni ce, Kawu. Ina wuni."

"Na san ke ce, ga sunanki nan a jikin kowane layi, ko kunya. Tambayata, wa ya koya miki lissafi?"

"Kai."

"Ƙarya kike min. Malaman nan naki in sun tsallaka titin jirgi, can suke kwana? Kin lissafa tafiya ba ki lissafa dawowa ba."

Ta rufe ido. Dawowa. Kwana da kwanaki tana kallon abin bai faɗo mata ba, kuma ta ji zafinsa har cikin ranta, irin zafin da rabonta da shi tun tana bakin teburinsa.

"Shi ya sa na kawo maka," ta ce.

"Kada ki sake taɓa komai. Buɗe fayil na biyu, mu bi shi daga sama. Ina gilashina? Ke, ina kika kai min gilashi?"

Wannan ta ƙarshen da matarsa yake. Mai Saiti ta ce masa ba ta gaban kwamfuta, tana ƙarƙashin teburin mutum. Ya ce wannan matsalarta ce, shi dai ya fara. Ya kuwa fara, layi bayan layi, wannan kazanta ne, wannan ya fi kazanta, wannan ba laifi amma da gani bisa kuskure ta yi shi daidai. Ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ta lalubo wayar intanet ɗin da Gaggawa ya tumɓuke da ƙafarsa, ta mayar da ita raminta, tana ta amsawa da to, Kawu, na ji, Kawu.

Gaggawa ya sunkuyo da sanƙonsa ya tambaya da wa take magana haka, ko lafiya.

"Aiki ne," ta ce. "Janye ƙafarka."